Motar da ba tawa ba

Da aka yi hutun makarantu, zafin Riyad ya kai inda da rana ko sitiyari ba ka iya taɓawa, sai mai gidana, wanda nake wa tuƙi, ya ce bana Abha za a tafi, kuma ba a jirgi ba. Ya ɗauko hayar irin motar nan da suke kira karafan. Ni dai ban taɓa ganin irinta a Kano ba: gadaje a ciki, murhun gas, firji, banɗaki har da shawa, ga tankin ruwa a ƙasa. Ni na loda mata kaya tun la'asar, shinkafar kabsa da tukwane, dabino, butar gahawa, dardumai, har da barguna, domin Abha a kan duwatsu take, ta haura mita 2,000, dutsen Sauda da ke kusa da ita kuwa ya kusa 3,000.

Bayan isha'i muka kama hanyar Makka, muka bar Muzahimiyya da Kuwai'iyya a baya. Shirin shi ne a yada zango a Ɗa'ifa, daga nan a bi kan tsauni ta Baha. Motar tana da nauyi, idan tirela ta wuce sai ka ji iska ta ture ka gefe, ga kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi da ba sa karɓar haƙuri, tara kuma daga albashina za a cire. Duk da haka na ji daɗin tuƙin nan, wallahi. Ni da na fara da Adaidaita Sahu a Kurna, yau ga ni da gida sukutum a bayana, yara na barci, ko girgiza ba su ji ba.

A wani gidan mai ɗan mai gidan ya ɗauke ni hoto na jingina da ƙofarta. Na tura wa maiɗakina, ita kaɗai. Ƙanwata ta gani, ta sa a WhatsApp. Kafin asuba wayata ta cika. Kawu ya turo murya yana ta barka, ashe Allah ya yi, ya ƙare da maganar kuɗin taki tunda damina ta kankama. Wannan ban damu ba, Kawu ne. Na Yaya ne ya tsaya mini a rai: "Ka sayi mota mai ɗaki, ka bar Inna a ɗaki mai yoyo."

Na sayi mota! Ni da idan an tsaya ake kulle ƙofa daga ciki, tunda iyali na ciki, in shimfiɗa darduma a gindin taya. Ni nake zubar da tankin banɗakin nan, in wanke shi. Ban ce an zalunce ni ba, mai gidan yana biyana a kan kari, abin da suka ci nake ci. Amma Yaya ya san ginina na Dawanau a linta ya tsaya, ya kuma san dalili: auren ƙanwarmu, asibitin Baba kafin Allah ya yi masa rasuwa, kuɗin makarantar 'ya'yansa shi kansa. Shi lissafinsa ɗaya ne, ya buga riyal da naira ya ga miliyoyi. Bai taɓa tambayata ko ina da wanda nake hira da shi da Hausa ba.

Inna kuwa ba ta ko ambaci motar ba. Da ta ji mun nufi wajen Ɗa'ifa sai ta ce, "Ɗan nan, ka saka ni a addu'a a Ɗakin Allah." Ita a wurinta duk Saudiyya Makka ce. Na ga allon da ke nuna Makka da idona, tsakaninmu bai kai kilomita 100 ba, amma ba ni ke cewa a juya ba. Na ce mata to, Inna.

Yanzu muna Baha, hazo ya rufe hanya, yara suna jefa wa birai burodi. Na turo wa maiɗakina kuɗin bandir biyu na kwano, na ce ta nemi kafinta da kanta, kada kuɗin ya bi ta hannun kowa. Yaya har yanzu ban ba shi amsa ba.