Ranar da babbar kyamara ta kunyata ni

Jiya na miƙa makullin situdiyo bayan shekara huɗu da 'yan watanni. Yaron da aka ɗauka a madadina ya biyo ni har bakin ƙofa, wai yaya don Allah wace kyamara zan saya, in daure in tara kuɗin babba gaba ɗaya ko in fara da ƙarama? Na ce masa bari zan rubuto, don amsar ba ta tsaye ba ce, kuma oga yana ciki ya kasa kunne.

Ni da Canon 600D na shiga aikin nan, da ɗan lens ɗinta 18-55 da wani 55-250 da na ƙara daga baya. Kyamarar 2011 ce, megafiksel 18, wuraren fokos tara kacal, ramin mimori ɗaya. Amma na san ta kamar yunwar cikina, ko a duhu yatsana ya san inda kowane maɓalli yake, na san inda take fara kawo tsakuwa a hoto idan na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, na san ta inda zan lallaɓa ta. Kwastoma bai taɓa dawo min da aiki ba a shekara biyun farko, ko sau ɗaya.

Oga ne dai bai iya ganinta ya yi shiru. Shi 5D Mark IV yake riƙewa, ba ya bari ko madaurinta ka taɓa, tawa kuwa sunanta abin wasan yara. A gaban mutane zai ce kai ɗauke wannan abin wasan kar a ɗauka ba mu san aiki ba. Tun ina dariya har abin ya fara ci na a rai, ya zamana in na je aiki sai in riƙa rufe sunan kyamarar da hannu idan na ga wani ya rataya babba. Da na gaya masa zan sayar da bodin 600D in haɗa da abin da na tara in ɗauko 5D Mark III sakan-han, lens ɗina kuma in ci gaba da amfani da su, sai ya ce yauwa yanzu ka yi magana. Ku riƙe wannan, lens ɗina na ce masa, da bakina, ya ji, mutumin da ya shekara goma sha yana harkar Canon.

Da daddare na zauna na buɗe kwali ina ta murna, na ɗauko 18-55 zan ɗaura, ya ƙi shiga. Na juya na sake juyawa. Sai na lura a bakin kyamarar jan ɗigo ne kawai, lens ɗina kuma farin murabba'i ne a jikinsa. Ashe lens irin nawa, EF-S, na kyamarori masu ƙaramar sensa ne, gindinsa yana shiga ciki sosai, madubin ful firem kuma, wato kyamara mai babbar sensa irin 5D, babba ne zai iya dukansa, shi ya sa kamfanin ya yi su yadda ba za su ma ɗauru ba. Duka biyun haka. Batiran da na tara na LP-E8 su ma sun tashi aiki, wannan LP-E6 take ci. Na laluba sama in ɗaga filash, babu, 5D ba ta zuwa da filash a ka. Ga kyamara mai kusan kilo ɗaya a cinyata ba ta da ido, jibi kuma akwai aiki.

Da safe na ce oga a taimaka min da lens ɗinsa 24-70 na kwana ɗaya. Ya kalle ni ya ce wanda ya iya sayen doki ai ba ya aron linzami. Shi kenan maganar.

Aikin na bikin ba da takardun shaida ne a wani babban ɗakin taro, kowa za a kira sunansa ya fito ya karɓa a ɗauke shi, irin hoton da ba a maimaitawa. Wani abokina ya ara min 50mm f/1.8, a hanya na karɓa, ban gwada ba sai a cikin ɗakin. Na danna shota rabi, shiru, lens bai motsa ba. Na cire na mayar, na kashe na kunna, shiru. An fara kiran sunaye, gumi ya wanke min baya. Na yanke cewa lens ɗin ne ya lalace, na tura shi MF na koma juya fokos da hannu. Ɗakin ba haske, ba filash, sai na buɗe ƙofar hasken lens gaba ɗaya zuwa f/1.8, kuma saboda sabo da 600D na ƙi wuce ISO 1600, alhali wannan tana ɗaukar 3200 har 6400 ba wani tashin hankali, abin da na biya kuɗi dominsa kenan ma amma ban sani ba. Saurin shota ya sauka har 1/40 na daƙiƙa. A f/1.8 a kan ful firem, mutum yana tsaye mita biyu daga gare ka, wurin da zai fito tas bai wuce taƙi guda ba, da ya ɗan sunkuya karɓar takarda ya fita daga ciki. A ɗan sikirin ɗin baya komai ya yi kyau. Da muka buɗe a kwamfuta sai ga takarda tas fuska dishi-dishi, wani kunnensa ne ya fito, wani labulen bayansa. Mafi yawa ba sa bugawa.

Bayan kwana uku ina latse-latse cikin takaici babban yatsana ya taɓa wani maɓalli a baya an rubuta AF-ON, sai ji na yi lens ya yi zuu ya kama. Mai ita na farko ya cire fokos daga shota ya mayar can, yadda ƙwararru da yawa suke yi. Yatsana a gefen maɓallin nan ya wuni ranar taron. Wallahi na daɗe zaune ina kallon bango.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba. Abin da har yau bai wuce min ba shi ne da masu taron suka zo da faɗa, oga ya tashi a gabana ya ce shi bai ma san na canja kyamara ba, yaran yanzu ba sa shawara. Ya mayar musu da kuɗinsu ya cire a albashina wata biyu. Na yi shiru don ina son aikin, amma daga ranar ban ƙara tambayarsa komai ba, ko sunan igiya ne gara in nema da kaina.

To kar wani ya ɗauka cewa nake babbar kyamara ba ta da amfani, yanzu ita ce a jakata kuma ba na sayarwa. Ramin mimori biyu, CF da SD, kowane hoto yana sauka a duka biyun, akwai ranar da kati ɗaya ya mutu bayan aiki na ciro ɗayan kamar ba a yi ba, wannan kaɗai ya biya kuɗinta ga mai ɗaukar abin da ba ya dawowa. Wuraren fokos 61 da 'yar sandar da kake turawa da yatsa, taya biyu don ba sai ka shiga menu ba, madubin leƙawa mai haske da ke nuna maka duk abin da zai shiga hoton, ba kashi 95 ba irin na ƙananan. Hoto shida a daƙiƙa, jiki mai jure ƙura da yayyafi. Duk gaskiya ne. Sai dai duk cikinsu babu wanda 600D ta hana ni cin abinci saboda rashinsa a lokacin, in da an tsare ni an ce faɗi abu ɗaya da ƙaramar ta kasa yi maka, ba ni da amsa sai dai in ce oga yana min dariya. Har asara na yi ta wani gefen, don a ƙaramar sensa 250mm yana jawo abu kamar 400mm, a ful firem kuwa sai ka sayi katon lens kafin ka kai can.

Kuma akwai ta tsakiya da ba wanda ya ambata min. 7D Mark II ta 2014 tana da mimori biyu, wuraren fokos 65, hoto goma a daƙiƙa, filash a ka, kuma lens ɗina duka da sun hau ta lafiya lau. Oga ya san da ita sarai.

Sauran a taƙaice, ƙanena. Da kuɗin bodi babba ba lens gara ƙaramar bodi da lens mai kyau da filash ɗaya. In sakan-han ce ka sa a duba maka sau nawa shota ta buga, ta 5D Mark III an ƙiyasta mata 150,000. Ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ka ga wanda mai ita ya sauya wa aiki. In Nikon kake so, jerin D3000 da D5000 ba su da motar fokos a jiki, tsofaffin lens na AF-D da hannu za ka juya su. Tun 2018 da Canon da Nikon suka fito da marasa madubi na ful firem mutane suke ta sakin DSLR, wato masu madubi irin su 600D da 5D, don haka ba gudu za su yi ba, kar ka yi gaggawa. Kayan da ba ka kwana da su sati biyu ba kar su bi ka aikin kuɗi.

Akwai hoton wani dattijo a bangon situdiyo, babba cikin firem, yana zaune gefen taga haske ya kwanta masa a rabin fuska, duk wanda ya shigo nan yake fara tsayawa. Ni na ɗauka, watana na biyar da fara aiki, da 600D da 55-250, fayil ɗin yana nan a wajena sunan kyamarar a rubuce a ciki. Jiya ina haɗa kayana na ji oga yana nuna wa wata kwastoma shi yana cewa hajiya kin ga aikin ful firem ko, ƙananan nan ba sa iya wannan. Na ajiye masa makulli a kan tebur na ce oga a yafe mu.