Takardar kine da na yi jinkirin rubutawa

Farkon aikina a Garwa, in mai amosanin gaɓɓai ya zo, irin wanda a faransanci ake ce ma poliyartrit, ordonans, wato takardar magani, kawai nake miƙa mai. Metotreksat sau ɗaya a sati, asid folik, in mace ce a ja mata kunne kar ta ɗau ciki tana kan maganin, shikenan sai randebu na gaba. Kine kuwa, wato inda ake gashi da motsa jiki a asibiti, a kaina wurin masu karaya ne da masu shanyewar ɓarin jiki.

Wata dattijuwa mai suyan makala ita ta gyara min tunani. Yatsunta duka hannu biyu a kumbure, da asuba sai ta yi fiye da awa ɗaya kafin su yarda su motsa, kuma ta daɗe tana shan diklofenak da prednizolon na kasuwa. Na ce Inna ki huta, ki bar aiki tukuna. Ta ce ɗana in na huta wa zai ba jikokina abinci? Amma ta bi maganata, kuma wlh hutun nan shi ya ƙara ɗaure ta, don metotreksat ɗin sai ya yi sati 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, a tsakanin nan gaɓar da ba ta motsi sandarewa take yi, naman hannu ya zube. Da ta dawo yatsun sun fara karkata wajen ƙaramin yatsa.

A lokacin ne na tura ta kine, ni kaina ban sa rai ba. Mutumin bai fara da tausa ba, tambayarta ya yi me take yi da hannun daga asuba zuwa dare. Ya sa aka naɗe mariƙin matsaminta da robar tayar babur ya yi kauri don kar ta matse yatsu, ya ce ta daina ɗaukar bokiti da yatsu ta rataya a damtse ko ta raba ruwan biyu, da safe ta tsoma hannu a ruwan ɗumi ta buɗe ta rufe a hankali, ranar da gaɓa ta kumbura ta yi zafi kuma ruwan sanyi da sassauci. Rabin wannan aikin na ergoterapet ne, masu koya ma mara lafiya dabarun yin ayyukan yau da kullum, amma su ina ka gan su a nan arewa, kine ɗin ke haɗa duka.

Samari masu ciwon baya da ke tashe su tsakar dare, in sun motsa ya lafa, su ma yanzu ba na jira kafin in tura su kine, don a wannan ciwon motsa jikin ma magani ne.

Kuma na daina rubuta "kine, zama 10" kawai. Ina sa sana'ar mutum, da gaɓar da ta fi damunsa, da ko yana iya zaman tahiya. In kuɗin zama goma ya yi mai yawa, ko daga ƙauye yake zuwa a kan babur, sai in roƙi kine ya koya mai a zama biyu ya je ya ci gaba a gida. Innar kam yatsun ba su miƙe ba, amma ta koma bakin kaskonta.