Serrat, mawaƙin da ya ajiye gasar Turai saboda yarensu

Ni dai ta hanyar ƙwallo na san Joan Manuel Serrat. Wani dare barci ya ƙi zuwa ina ta lalube a YouTube cikin tsofaffin bidiyon Barça, sai ga wani mutum tsaye a Camp Nou a 1998 yana rera taken kulob ɗin a bikin cika shekara 100, muryarsa na ɗan karkarwa, duk filin ya amsa masa. Na ce wai wannan wane ne haka? Daga nan na bi sawunsa har yau ban daina ba.

An haife shi a 1943 a Poble Sec, unguwar talakawa ce a Barcelona, babansa ɗan Kataloniya (yankin Sifen da Barcelona take ciki) ma'aikacin kamfanin gas, mamarsa kuma 'yar Aragon, don haka yare biyu ya tashi da su a gida. Lokacin Janar Franco ne ke mulkin Sifen kuma ya danne Katalan, yaren Kataloniya, sosai, ba shi a makaranta ba shi a ofis.

To a 1968 gidan talabijin na gwamnati ya zaɓe shi ya wakilci ƙasar a Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, a Landan da waƙar La, la, la. Yaro ne fa ɗan shekara 24, dama ta zo masa har ƙofar ɗaki, amma ya ce in dai ba da Katalan zai rera ba to a kai kasuwa. Aka cire shi aka sa mawaƙiya Massiel, ta je kuma ta ci gasar da wannan waƙar dai, shi kuwa aka toshe shi a talabijin na tsawon shekaru. Wallahi in na tuna wannan sai in ji tsigar jikina ta tashi, mutum nawa ne za su iya?

Abin da ya fi kama ni shi ne bai juya ya tsani Sifananci ba. A 1969 ya sa wa baitocin Antonio Machado kiɗa, marubucin da ya rasu yana gudun hijira a Faransa a 1939, sai a 1972 ya yi na Miguel Hernández wanda ya mutu a kurkukun Franco a 1942. Wasu 'yan Kataloniya suka ce ya yi watsi da su, can kuma gwamnati na hararar sa, gaba kura baya sayaki kenan.

A Satumban 1975 gwamnati ta harbe mutum 5, yana Meziko a lokacin, ya fito gaban 'yan jarida ya yi tir da abin, aka ba da umarnin kama shi, bai taka gida ba sai Agustan 1976 bayan Franco ya mutu. Ko a Chile ma a 1988 mutanen Pinochet, shugaban mulkin sojan ƙasar a lokacin, ba su bar shi ya sauko daga jirgi ba.

Na 2017 ne ya fi min ciwo. Ya soki yadda aka shirya ƙuri'ar raba gardama ta ɓallewar Kataloniya, sai ga wasu a intanet suna kiransa maci amana, shi fa, wanda ya sadaukar da gasar Turai don yarensu tun ba a haifi yawancinsu ba. A Disambar 2022 ya yi wasansa na bankwana a Palau Sant Jordi, a kan dutsen Montjuïc da ke kallon unguwarsu, yana gab da cika 79.