Laraba a Tawa: injin fihirisa da rahotannin Adar

Aikin yau a ɗakin karatu gaba ɗaya ya tafi a kan gurbi guda na fishin katalogi, wato 606. Fishi shi ne bayanin da ake shigarwa na kowane littafi, kowane gurbinsa da lambarsa. A UNIMARC, tsarin da ake bi wajen shigar da fishi, nan ake zuba maudu'in littafi, 607 na sunan wuri ne, 610 kuma na kalmomin da mai rajista ya zaɓa da kansa ba daga wani jeri ba. Littattafan da aka buga a Faransa suna zuwa da 606 ɗinsu a cike, domin ta Z39.50, hanyar musayar fishi tsakanin katalogi, ake janyo fishinsu daga katalogin babban ɗakin karatun Faransa, kuma can an riga an liƙa musu maudu'ai daga jerinsu mai suna RAMEAU. Memuwar ɗin ɗalibai, wato kundin kammala karatunsu, rahotannin ayyukan raya karkara, takardun taron bita, duk abin da aka rubuta a nan gida, ba wanda ya taɓa yi musu fishi a wani wuri. Mu ke shigar da su, kuma yawanci take, marubuci da shekara kawai ake bugawa a wuce. Shi ya sa ɗalibi zai nemi zaizayar ƙasa ta maudu'i, littattafan Turai su fito masa, amma rahotannin aikin raya karkara na Keita, a nan Adar, da aka soma a 1984, waɗanda ga su nan jere a kan kanta, ko ɗaya ba ya fitowa. Sai ya koma ya shaida wa malaminsa cewa ba a yi rubutu a kan Adar ba.

Cike wannan gurbi da hannu aikin shekaru ne, don haka da safe aka ɗora wani kashi na fishin a kan inji mai ba da shawarar maudu'i, a ga abin da zai ba da.

Hanyar tsohuwa ce. Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya bayyana ta a 1957 da 1958: a ƙirga kalmomin rubutu, a zubar da waɗanda suka yi yawa ainun da waɗanda suka zo sau ɗaya tak, na tsakiya su ke nuna abin da rubutun ke magana a kai. A 1972 Karen Spärck Jones ta ƙara abin da ya gyara lissafin, cewa nauyin kalma ya danganta da ƙarancinta a cikin tarin gaba ɗaya. A ce katalogi na da fishi 2000. Kalmar Niger tana cikin 1600, kalmar tassa, ramukan riƙe ruwa a gona, tana cikin 20. Idan aka raba 2000 da kowace aka ɗauki logaritim mai tushe 10, Niger za ta samu kusan 0.1, tassa ta samu 2. Tassa ta ninka Niger nauyi sau ashirin ke nan, kuma daidai ne, tunda a ɗakin karatun Tawa a ce littafi ya ambaci Nijar ba a faɗi komai ba. Lissafin BM25 da manhajar bincike Elasticsearch ke jera sakamako da shi daga nan ya samo asali, sai dai ya ƙara ma'auni biyu. Na farko, k1, yana zuwa a 1.2, shi ke hana kalmar da aka maimaita sau hamsin ta danne sauran. Na biyu, b, yana zuwa a 0.75, shi ke rage makin dogon rubutu. Wannan b ɗin yana da illa a katalogi irin namu: fishin da aka wahala aka buga masa taƙaitawa a gurbi na 330 sai ya koma ƙasan wanda take kawai gare shi, saboda ya fi shi tsawo. Maganin shi ne a auna take, maudu'i da taƙaitawa kowane a gurbinsa, a ba maudu'i da take nauyi fiye da taƙaitawa.

Take mai kalma takwas ko goma ba abin ƙirga ba ne. Dole a ba injin rubutu. Daga kowace memuwar ana ɗaukar hoton taƙaitawa, jerin abubuwan da ke ciki, gabatarwa da kammalawa, a 300 dpi, a wuce da su ta OCR, manhajar da ke mayar da hoto rubutu. Bango, sadaukarwa, shafin godiya da jerin manazarta ba sa shiga. Wanda ya bar su zai ga abin mamaki: memuwar a kan ajiyar albasar Galmi ta fito da maudu'in addini da na iyali, saboda ɗalibi ya cika shafi biyu yana gode wa Allah da mahaifa da kawunnai, ko kuma kowace memuwar ta samu maudu'in ilimi mai zurfi saboda sunan ma'aikata da na jami'a da ke bisa bango.

Wajen hantsi aka shiga abin da ya fi cin lokaci, yadda inji ke yanka kalmomi kafin ma ya fara ƙirga. Manhajojin da muke amfani da su, PMB ko Koha, idan aka girka su a ƙasar da ke aiki da Faransanci, da ƙa'idojin Faransanci ake saita su, alhali tarinmu ya haɗa Faransanci da Hausa da Larabci da ɗan Ingilishi. Abu uku ake dubawa.

Na farko, jerin kalmomin wofi, waɗanda inji ke tsallakewa. A wasu jerin na Faransanci akwai son da est. To, son de mil dusar hatsi ce, abincin dabbobi da rahotannin kiwo ke ambata a kowane shafi. Idan son da de suka faɗi, saura mil kaɗai, mai neman dusa sai a tulo masa duk abin da ya shafi hatsi. Est kuma gabas ce. A ɓangaren Hausa, wanda zai tsara jeri ya zubar da da, na, ta, ga, a, amma ya yi hattara da su, wanda sana'ar masunta ce, da mai, da kai. Shawarata a bar jerin gajere ƙwarai. Lissafin nauyi da kansa yana kashe kalmar da ta cika yawa, ba sai an goge ta ba.

Na biyu, alamar ɗauri. Matatar Faransanci tana cire l', d', n', s' da makamantansu daga gaban kalma, don l'eau ta zama eau. Tsofaffin takardun Hausa da aka buga da tafireta, inda ba a da harafi mai lanƙwasa, sukan rubuta d'an da d'aki. Matatar sai ta mayar da su an da aki. N'Guigmi ta koma Guigmi. Wasu manhajojin kuma suna ɗaukar alamar a matsayin fili, sai jami'a ta rabu biyu, ma'aikata ta zama ma da aikata, 'ya'ya irin rubutun Najeriya ta zama ya sau biyu, idan ya na cikin kalmomin wofi ta ɓace ɗungurungum. Ƙari a kan haka alamar kanta iri-iri ce, miƙaƙƙiya ta allon kwamfuta daban, lanƙwasasshiya da Word ke musanyawa daban, kuma ga inji haruffa ne mabambanta. Kafin komai a mayar da su iri guda.

Na uku, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Harafin é na Faransanci a Unicode yana rabuwa zuwa e da alamarsa, don haka umarnin cire alamomi yana aiki a kansa. Namu huɗun ba sa rabuwa, kowane harafi ne mai zaman kansa, ƙ lambarsa U+0199, ɗ kuma U+0257. Mai karatu da ya buga kasa a wayarsa ba zai ga fishin da aka rubuta ƙasa ba, sai an rubuta ƙa'ida ta musamman. A Elasticsearch matatar asciifolding tana mayar da su b, d, k, y, kuma tana da zaɓin ajiye ta asali tare da wadda aka sauya. Wannan zaɓin shi ne daidai, domin idan aka narke su baki ɗaya ƙara da kara sun zama ɗaya, rahoton karan dawa ya gauraya da na shari'a. Idan an ajiye biyun, wanda ya buga da lanƙwasa zai ga nasa a sama, wanda bai buga ba ma ba zai tashi hannu wofi ba. Tun da kundin sabunta ƙasa na Nijar na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ana sa ran takardun Hausa su ƙaru a kantocinmu, gara a gyara wannan yanzu.

Yanke wutsiyar kalma kuwa, irin tsarin da Martin Porter ya fitar wa Ingilishi a 1980 aka kwaikwaya wa Faransanci, kada a sake shi a kan Hausa. Alamar tauraro tana taimakawa wani lokaci: gon* zai kamo gona, gonar, gonaki. Amma babu yankan da zai haɗa akuya da awaki, ko mace da mata. Ana raba fishin ta lambar harshe da ke gurbi na 101, hau ko fre ko ara, kowane ya bi matatarsa. Fishin da aka bar wa fre alhali littafin na Hausa ne ya riga ya bi hanyar da ba tasa ba.

Bayan Azahar aka duba abin da injin ya fitar. Inda ya yi tuntuɓe duk wuri ɗaya ne, kalma guda mai ma'ana biyu, ko abu guda mai suna da yawa. Tsofaffin takardun mulki da ke buɗewa da l'an mil neuf cent, inda mil ke nufin dubu, sun samu maudu'in hatsi. Niger ta haɗa ƙasar da kogin da jihar Neja ta Najeriya. Fari a rubutun boko, inda ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali, ya haɗa rashin ruwan 1973 da 1984 da farin ɗango da farin yadi. Ta ɗaya gefen, Tahoua da Tawa, Zinder da Damagaram, Konni da Birni N'Konni da Ƙwanni, Haoussa da Hausa da Hawsa, kowane yana zaune shi kaɗai. Gero a Kano, hatsi a nan, mil a rahoto, Pennisetum glaucum a memuwar ɗin aikin gona, wasu sababbin kuma Cenchrus americanus. Ga kuma lafazinmu na yamma da kan shiga rubutu, littahi da tahiya.

Babu lissafin da ke warware wannan, sai fayil ɗin maudu'ai da aka tsara da hannu. Kowane maudu'i fishi guda: zaɓaɓɓiyar kalma a 250, duk sauran sunayenta a 450, masu dangantaka da ita a 550. Sunan wuri a 215, sauran rubuce-rubucensa a 415. A Koha akwai saitin IncludeSeeFromInSearches, idan aka kunna shi aka sake gina fihirisa, mai neman hatsi zai samu abin da aka ajiye a ƙarƙashin mil. A fannin aikin gona, jerin maudu'ai na AGROVOC na hukumar FAO ya ɗauke rabin wahalar. Sauran rabin namu ne, domin kalmomi irin tassa, ramukan da manoman Adar ke haƙawa a fako su zuba taki don riƙe ruwa, waɗanda a Burkina ake kira zai, sai mun haɗa su da kanmu da maudu'in kiyaye ruwa da ƙasa. Wata abokiyar aiki ta ce, "Malam, to me inji ya rage mana in har mu za mu rubuta wannan duka?" Amsar ita ce jerin sau ɗaya ake rubuta shi, fishi kuwa dubbai ne.

Ana yawan kawo misalin manya. Babban ɗakin karatun Finlan ya ƙera Annif, manhaja ce kyauta. Na Jamus ya ɗora nasa injin a kanta a 2022, a shekarar kuma ɗakin karatun likitanci na Amurka ya mayar da fihirisar MEDLINE, rumbunsa na maƙalun likitanci, hannun inji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sun koyar da injinansu da tarin fishi masu ɗimbin yawa da mutane suka yi wa maudu'i da hannu shekara da shekaru. A cikin Annif akwai hanyoyi iri biyu. Masu koyo daga misalai, kamar Omikuji da fastText, suna bukatar misalai da yawa ga kowane maudu'i, wanda bai taɓa gani ba kuma ba zai taɓa ba da shi ba. MLLM kuwa yana neman kalmomin jerinka ne a cikin rubutun, da sunayen da ka zuba a matsayin madadi, don haka misalai kaɗan sun ishe shi. Shi ya dace da mu, kuma ƙarfinsa daidai yake da cikar 450 ɗinmu. Kowace shawara tana zuwa da maki tsakanin 0 da 1. Iyakar da aka sa kamar rariya ce, mai manyan ƙofofi ta saki tsakuwa, mai ƙanana ta riƙe gari. A taƙaita shawara zuwa biyar ga kowane fishi, kuma kada ta shiga 606 kai tsaye. Ta tsaya a jadawali, mai rajista ya karɓa ko ya ƙi, wanda ya ƙi ma a ajiye, domin shi ke nuna inda jerin ya gaza.

Rubuce-rubucen ajami da na Larabci na hannu, irin tarin cibiyar bincike ta IRSH a Yamai da Bubu Hama ya fara tarawa, ba sa cikin wannan zance. A can abin da mai rajista ya rubuta a fishi shi kaɗai inji zai karanta.

Awo shi ne na La'asar. Tsarin na Cyril Cleverdon ne, daga gwaje-gwajen Cranfield a Ingila: tambayoyi tsayayyu, da amsoshin da mutum ya tantance tun kafin a bincika. Tambayoyin a ɗauko su daga kayen da ke teburin karɓar baƙi, yadda masu karatu suka faɗe su, ba yadda ma'aikaci zai tsara su ba. A ce bincike ya fito da fishi 40, guda 10 ne suka dace: kashi 25 cikin 100, sauran hayaniya. A ce kuma a kanta akwai littattafai 50 da suka dace: an kamo kashi 20, sauran 40 sun yi shiru. Hayaniya kowa na ganinta a allo, har a yi ƙorafi. Shiru ba ya bayyana, sai an tashi an je kanta, an bi lambar Dewey da ake jera littattafai da ita, 633.1 na hatsi ko 966.26 na tarihin Nijar, an ƙirga da ido. Kowane gyara, na haruffa ne ko na kalmomin wofi ko na 450, a yi shi shi kaɗai a sake awo. Idan aka haɗa uku a lokaci guda, ba a sanin wanda ya gyara da wanda ya ɓata.

Gyaran matata ba ya taɓa fishin da ke ciki sai an sake gina fihirisa daga tushe, kuma wannan ba a yin sa masu karatu na zaune, domin katalogi kan nuna rabin kaya har a gama. Sai da aka rufe bayan Magariba. Da farko a kwafe rumbun bayanai da mysqldump a ajiye a wani faifai dabam, a tabbatar batirin ondila, na'urar ajiyar wuta, zai riƙe sabar idan kuran ya ɗauke, domin ginin da ya katse a tsakiya sake shi ake yi daga farko. Da ya gama, a gwada kalmomi huɗu kafin a kashe fitila: ƙasa da lanƙwasa, kasa babu ita, son de mil, da Tawa. Gobe za a ci gaba da 415 na garuruwan jihar, Madawa, Buza, Illela da Abalak, kowane da rubutunsa na Faransanci da na Hausa.