Tarwada ma tana jin zafi, a daina kashe ta da gishiri

Babu mahaucin da zai yanka sa da wuƙa marar kaifi mutane su yi shiru. Amma a wurin masu gasa kifi za ka ga an zuba tarwada da ranta a baho, an watsa mata gishiri, an rufe, tana ta birgima har ta mutu, kuma ba mai cewa uffan. Dalilin da aka saba bayarwa shi ne kifi ba ya bukatar yanka. Gaskiya ne a fiƙihu, sai dai hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kome, har wajen kisa.

Ni ban yarda cewa duk mai rai darajarsa ɗaya ba. Sauro da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ba ya daidai da saniya, kuma shari'a ta halatta kashe kunama da ɓera saboda cutarwarsu. Abin da ya kamata a duba shi ne ko halittar tana jin azaba, da kuma ko akwai dalilin kashe ta. Tsadarta a kasuwa ba ta cikin lissafi. A 2003 masaniyar kimiyya Lynne Sneddon da abokan aikinta a Sukotland sun gano jijiyoyin jin zafi a fatar kan wani kifin ruwan sanyi da kewayen bakinsa.

Tarwada ta fi sauran kifaye wahala a nan, domin tana da gaɓar shaƙar iska a cikin kanta. Shi ya sa take yin sa'o'i a wajen ruwa ba ta mutu ba, wato azabarta ce ke tsawaita. Gishiri kuwa yana kwashe yauƙin da ke kare fatarta, ya zuƙe ruwan jikinta alhali tana cikin hayyacinta. Kifin da ya daɗe yana fafutuka yakan yi saurin sandarewa, namansa kuma ya yi laushi.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A daina ba ta abinci kwana ɗaya kafin kamu, don kada kashinta ya ɓata ruwan ɗauka. A ɗauko ta da sassafe cikin ruwa, kada a cunkusa. Lokacin kisa a riƙe ta da jiƙaƙƙen buhu, saboda santsi da ƙayoyi biyun da ke gefenta, a ɗora kan a bisa katako, a buga da guduma sau ɗaya da ƙarfi a tsakiyar kai, ɗan bayan idanu. Ƙoƙon kanta na da tauri sosai, kuma a nan ake yawan kuskure: bugun tsoro sumar da ita kawai yake yi, ta farfaɗo a ƙarƙashin wuƙa. Idan marfin da take numfashi da shi a gefen kai yana buɗewa yana rufewa, a sake bugu nan take. Da ta daina, a yanke ƙarƙashin wuyan jini ya fita ba tare da jinkiri ba.

Bayan haka ne gishiri, ko toka, ko lemon tsami za su yi aikinsu na wanke yauƙi.