Iccen da ke kwance ne ya karya ɗan yayata

Yau kwana ashirin da uku ke nan, amma in na kwanta da dare har yanzu ƙarar nan nake ji, dim, kamar katangar ƙasa ta zube gaba ɗaya, sai ihun yaro a bayanta.

Garkarmu tana bakin fadama a wajen Mirya, kusa da Damagaram a Nijar. Tsakiyar watan Agusta aka yi mana ruwa da iska cikin dare, irin wanda ke tasowa daga gabas yana kwashe kwanon ɗaki. Da safe na tarar hanyar amalanke ta toshe. Wani babban dogon yaro ya tumɓuke ya kwanta a gicciye, saiwoyinsa sun taso da ƙasar da ke manne da su, ta tsaya kamar bango, ta fi ni tsawo, ga rami a bayanta. Na kusa da shi kuma ya karkata yana jiran iska ta gaba. Haka iccen fadama yake: ruwa na kusa, saiwa ba ta nutsawa, in ƙasa ta jiƙe sharkaf babu abin da ke riƙe da shi.

Ban taɓa ko ɗaya ba sai da na je wurin ma'aikatan gandun daji, don a dokar daji ta 2004 ba ka sarar icce yadda ka ga dama, ko a gonarka yake. Suka zo suka gani, suka yarda da biyun, suka ja mini kunne kan gawon da ke gefen hanya. Ɗan yayata, mai shekara 13, ya ce ai wancan ya bushe, a haɗa da shi. Na yi masa dariya, na ce gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, kuma a ƙasar Damagaram tun zamanin Sarki Tanimun ake ba da labarin hukuncin wanda ya sare shi. Ina ta koya wa yaro sanin icce, ban san ni ne mai buƙatar darasi a ranar ba.

Asabar muka fara. Na yi hayar injin yankan icce jika goma, wato sefa dubu goma, a yini, na kuma ɗauko wani tsoho da ya yi shekaru yana sana'ar icce. Wanda ya karkata shi ne kowa ke tsoro, kuma shi muka yi wa komai a kan ƙa'ida. Tsohon ya bubbuga shi da bayan gatari yana saurare ko gara ta cinye cikinsa. Muka ɗaure gangar jikin da sarƙa sama da inda za a yanka, don icce mai karkata yakan tsage a tsaye ya harbo baya. Aka yi masa baki ta wajen da zai faɗi, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, aka yanko ta baya ɗan sama da bakin, aka bar tsakani wajen kashi ɗaya cikin goma ba a taɓa ba, shi ne ke riƙe icce ya tafi da shi inda ake so. Kowa ya ja baya ninki biyu na tsawonsa. Ya faɗi daidai inda muka zana da ƙafa.

Daga nan jikina ya saki. A raina mai haɗarin ya wuce, saura na kwance, shi kuwa ai ya riga ya faɗi, me zai ƙara yi?

Tsohon zai tafi Azahar ya ce mini, "Ɗana, ka bari in dawo. Wannan daga kai ake fara shi." Na ce to, Baba. Yana juya baya na dubi rana, na tuna gobe Lahadi kasuwar Mirya, ga rogo da kuɓewa an tara babu hanyar fitar da su, ga kuɗin inji na tafiya. Na ce in na datse shi daga gindi, shanu su ja gangar gefe, kafin ya dawo hanya ta buɗe. Na tada inji na ɗora shi kamar taki ɗaya daga saiwar, daga sama.

Abin da ya fi cin raina shi ne iccen ya gaya mini. Ina yanka, bakin yankan yana buɗewa, yana ƙara faɗi da kansa. Ni kuwa murna nake, wai inji bai maƙale ba. Alhali buɗewar nan tana nufin ana jan iccen ta sama da ƙarfi, kuma mai jan shi ne wannan bangon ƙasa da saiwa da ke neman komawa raminsa. Nauyin gangar da rassa ne kaɗai ya danne shi tun daren da aka yi iska. Da gatari nake aiki, da na ji iccen yana ƙas-ƙas na dakata. Ƙarar inji ta rufe komai, ta rufe kukan iccen, ta rufe kunnen yaron.

Ban duba bayan gindin ba. Wannan kaɗai, taki huɗu in leƙa. Da safe mu da kanmu muka ajiye injin ban ruwa da butar shayi a cikin ramin, don akwai inuwa kuma yayyafi ba ya isa wurin. Yaron yana zaune a can yana hura gawayi. Allah ya sa na ga man inji ya yi ƙasa, na ɗaga hannu ina neman galan ban ma san inda yake ba, shi kuma ya hango hannun ta gefe ya taso. Ya fito da jikinsa, ƙafar hagu tana bakin rami, sauran iccen ya ɓalle. Kututturen ya miƙe tsaye a gabana, ya wuce fuskata da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, bangon ƙasa ya koma mazauninsa.

"Kawu! Kawu, ƙafata!"

Da hannu muka fara tono, sannan aka kawo fartanya da shebur. Laka ce mai danƙo, ka kwashe ta dawo. Tsohon ya iso a guje ya hana a ja yaron, ya ce a tone ta ƙarƙashin ƙafar, a cusa guntun icce a tokare saiwar kada ta ƙara zama. Mun fi rabin awa. Ƙashin ya karye wuri biyu ƙasa da gwiwa, ga rauni a buɗe. Wasu suka ce a kai wa mai ɗori, na ce da ciwo a buɗe da laka a ciki asibiti za mu. Kilomita 18 ne zuwa Damagaram, na yi hanyar nan sau ɗari, ban taɓa jin nisanta ba sai ranar, kansa a kan cinyata yana ce mini kada in gaya wa innarsa.

Yaya ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta dubi ƙafar ta dube ni ta ce, "Ƙanena, ai da kai na bar shi."

Bayan kwana biyar na koma tare da tsohon muka ƙarasa, wannan karon ina bin bakinsa. Daga kai aka fara, reshe bayan reshe, kowane sai an tsaya an duba ina yake danne, ina yake ja. Reshen da ganga ta danne ya lanƙwashe baka ne da aka ɗana, in ka yanke shi a tsakiya haƙoranka zai nema, sai a bi cikin lanƙwasar ana saɓe shi kaɗan kaɗan har ƙarfinsa ya mutu. Ganga kuma ana fara ɗan yanka ta gefen da ke matse, a ƙarasa ta gefen da ke ja. In baki ya matse inji, wurin a danne yake. In ya buɗe, a ja yake, kuma in yana buɗewa da sauri kusa da gindi, kashe inji ka je ka ga abin da ke jan sa. Ya ce shi ko da kuɗi ba ya datse iccen da ya tumɓuke sai ya ɗaure gindin ko ya tokare shi, ya bar kututture mai tsawo, ya kuma sa mutum guda wanda ba shi da aikin komai sai hana kowa zuwa bayan saiwa, har akuya. Ya sa na cire silifas na sa takalmin roba mai tsawo, saboda santsi da kububuwar da ke son ƙarƙashin tarin rassa. Duk wannan na yarda da shi, amma ba rashin takalmi ne ya karya yaron ba. Gaggawar kasuwa ce, da ganin cewa abin da ke kwance ya gama aikinsa.

Mutane suna ce mini ƙaddara ce, kuma na yi imani da ƙaddara. Sai dai an ce mini in jira, na ce to, ban jira ba. Wannan nawa ne. Rogon da nake wa gaggawa bai kai jika talatin ba. Asibiti da magani sun ci fiye da jika ɗari biyu, na sayar da rago biyu da na ajiye, kuma yaron zai shiga sabuwar shekarar makaranta a watan Oktoba da sanda. Likita ya ce ƙashin yana haɗuwa da kyau, alhamdu lillahi, yara ƙashinsu ba ya daɗewa.

Jiya na bi ta hanyar da amalanke. Kututturen yana nan tsaye a wurinsa kamar bai taɓa faɗuwa ba, har ya fara fitar da 'yan ganye jajaye a bakin yankan. Injin ban ruwan yana ƙarƙashinsa tare da butar. Tsohon ya ce in ruwa ya ɗauke a tone, ƙila a samu abin da za a sayar wa masu ƙarfe. Yaron ya ce ranar a zo da shi, yana son ganin inda takalminsa na hagu ya tsaya.