Takalmin Baba Tsoho

Yau bayan La'asar na leƙa gaida wani dattijo a unguwar Aboabo da ke Kumasi, na tarar ya baje kayan marigayi mahaifinsa a kan tabarma. Mahaifin yana cikin sojojin Gold Coast (Ghana ta yau) da Turawan Ingila suka kai Burma yaƙi da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo bayan 1945. Ni hankalina yana kan lambobin yabo, sai Baba ya ture su gefe, ya miƙo mini wani tsohon takalmi da ya bushe ƙayau. Ya ce, "Ɗana, wannan ne labarin." Wai mahaifin nasu bai taɓa ba su labarin harbi ba, kullum zancensa ruwan sama da ba ya ɗaukewa, matsattsaku a ƙafa, da ɗaukar kaya a ka cikin daji inda mota ba ta shiga. Har ya rasu, in hadari ya haɗo sai ya kama sosa ƙafa.

Mun sha zuwa gidan tarihin sojoji na Kumasi Fort, mun ga bindigogi da hotunan hafsoshi, abin sha'awa kam. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi me ɗan sojan nan ya ci da daddare ba, ko wa ya rubuta masa wasiƙa zuwa Zango. Tsofaffin da suka ji daga bakin iyayensu suna ta ƙarewa, ranar Juma'a zan koma da littafin rubutu.